Sunan da Ba Na Faɗa

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da sallah. Kuna cewa Inna ta je Landan ta ɓata, ta tsaya a tsakiyar titi tana ihu har Turawa suka leƙo ta taga. Nasiru har kwaikwayona yake yi, ya ɗora hannu a ka yana juyi. Ban hana ku dariya ba, amma babu ɗayanku da yake wurin, kuma ainihin maganar kun bar ta a baya. Shi ya sa na ce kafin idona ya ƙarasa raunana bari in rubuta shi yadda ya faru, da ɗan bokon da na samu a firamare.

Yayarku babba, wadda kuke kira Yaya Ummi, ita ce 'yata ta fari. Ranar suna mahaifinku ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Allah ya jiƙansu duka. Kun ga abu biyu ke nan suka haɗu a kaina, ga ta 'yar fari, ga shi sunan surukata ne. A gidan da na tashi mace ba ta kama ko ɗaya daga cikin sunayen nan, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, haka na buɗe ido na gani. Ana yaye ta Hajiya Babba, wato surukar tawa, ta ɗauke ta. A ɗakinta ta girma. Tsakar gidanmu ɗaya, amma ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na tsare ta da ido. In ina son ta sai in ce "ke", ko in ce da ɗayanku ya ce waccan ta zo. Ko Ummin da kuke faɗa ban taɓa iyawa ba. Har a addu'a, in na jero sunayenku ɗaya bayan ɗaya, idan na zo kanta cewa nake yi, Allah ka san wadda nake nufi.

Da ta yi aure mijinta ya samu aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Landan, suka tafi. Ta daɗe ba ta samu ciki ba. Da Allah ya kawo, suka ce lallai ni zan je in zauna mata jego. Tun daga ranar barcina ya ragu. Maƙwabciyata Hajiya Ladidi, wadda ba ta taɓa wuce Makka da Madina ba amma ta san labarin kowace ƙasa, ita ta ƙarasa ni. Ta ce a can in aka kama mutum da farin gari a jaka, kurkuku ne babu tambaya. Ta ce kuma akwai wata hukuma, kansul, da take ƙwace jariri in ta ga an yi sakaci a gida, ta ba wa wasu su riƙe, uwa na ji na gani. Ni kuwa kun san ni, magana in ta shiga kunnena ba ta fita. Na yi guzurin jego sosai, yaji da daddawa da kuka da garin kunu da kanwa. Amma a filin jirgin Abuja, da na ga ana buɗe jakunkunan mutane, sai na tuna kanwar nan fara ce, kuma na daka ta. Na shiga banɗaki na juye ta a kwandon shara, na wanke hannuna har sau nawa kamar wadda ta taɓa najasa.

Kafin in sauka ta riga ta haihu, mace, amma sai da aka yi mata tiyata. Mijinta ya ɗauko ni ya kai ni unguwarsu, Plumstead, a kan wani tudu. Gidajen a manne suke da juna kamar haƙoran matsefi, jan bulo iri ɗaya, taga iri ɗaya, ƙofa a gefen ƙofa, amma ba ka ganin kowa. Babu yaro a waje, babu mai talla, babu kiran sallah. Sama kullum kamar an shimfiɗa tsohon bargo, ban san inda rana take ba balle in san gabas, sai da aka nuna min kusurwar da zan fuskanta. Na gaida wata tsohuwa a gidan kusa da mu, ta ɗan motsa leɓe ta ja karenta ta shige. Ɗakin mai jego yana saman bene, kicin yana ƙasa. Ungozomar da take zuwa dubata ta ce babu wankan ganye da tafasasshen ruwa sai ɗinki ya warke, kada kuma ta riƙa hawa da sauka. Na zauna ina tunani, to me na zo yi ke nan? Abin da ya rage min a hannu girki ne kawai.

Sau ɗaya surukin nawa ya raka ni kasuwar Woolwich da ƙafa, muka sayo ƙafar saniya. A hanya yana ta nuna min abubuwa, yana faɗa min sunan layinmu, yana cewa in maimaita. Ni kuwa yaya za a yi in jera da suruki a titi? Na bar shi ya yi gaba, ina biye da shi kaina a ƙasa ina cewa to, to. Abin da na gani a tafiyar nan duka shi ne bayan takalminsa. Kunya ma ta hana ni ce masa ya tambaya min kanwa.

Ranar da abin ya faru, da safe kafin ya tafi aiki na roƙe shi ya kunna min murhun gas, don ni tsoron ƙaras-ƙaras ɗin nan nake yi, kullum gani nake zai tashi da ni. Na ɗora ƙafar saniya. Ta yi ta tafasa, ina caka mata cokali mai yatsu, tana nan kamar taya. Na san abin da take nema, kanwa ce. Na hau sama na leƙa, na tarar uwa da 'ya duk sun yi barci, ga shi daren jiya ba ta runtsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta, abin da ba na yi in idonta biyu. Na ce a raina, tun da aka yaye yarinyar nan ban taɓa dafa wani abu don ita kaɗai ba, yau ɗaya ba zan kai mata ƙashi da roba ba. Na sauko na tsaya a gaban murhu ina shawara. In na kashe, ba zan iya kunnawa ba har dare. Sai na cika tukunyar da ruwa har wuya, na rage wutar, na ja ƙofar kicin don kada ƙamshi ya tashe ta. Na ɗora rigar sanyinta a kan hijabina, na ɗauki makulli. Wayata ba ta aiki in na fita daga gidan, sai na bar ta. A ƙofa na yi alama yadda muke yi a gida. Akwai manyan robobin shara a gaban kowane gida, namu ɗaya yana da fasasshen murfi. Daura da mu ga wata farar mota da tsani a samanta. A bakin layi kuma ga kanti mai lemo da ayaba a waje.

Gangarawa ba ta ba ni wahala ba, ƙasa kawai na bi. Na ga kasuwa, na gane kantin 'yan Nijeriya da ƙamshin busasshen kifi. Na hango kanwa a leda, na nuna, matar ta miƙo min, har na ji wani ɗan alfahari. Fitowa ce ta zama matsala. Filin kasuwar yana da baki da yawa, ban san ta wanda na shigo ba. Na tuna wata jar bas mai bene ta wuce ni tana hawa tudu lokacin da nake saukowa, sai na ga jar bas na bi bayanta. Ban sani ba ashe duk bas ɗin garin jajaye ne. Na wuce wata tsohuwar ƙofa babba kamar ta ganuwa, na shiga tsakanin dogayen gidaje masu gilashi, ƙasa shimfiɗe da dutse, iska tana ƙara ƙarfi tana cika min hijabi. Kawai sai gari ya ƙare. Ga ruwa a gabana, faɗi guda, launin ƙasa, yana tafiya a hankali, can wani jirgin ruwa ɗauke da motoci yana tsallakawa. Ban taɓa sanin akwai kogi a kusa da mu ba. Na riƙe ƙarfen bakin ruwan, sanyinsa ya shiga har ƙashina, na ce inna lillahi, wannan ba hanyar gida ba ce.

Na juyo da sauri. Daga nan ban ƙara ganin Landan da idona ba, tukunyar kawai nake gani. Babu rana, babu ladan, ruwan tukunyar ne agogona. Ina tafe ina cewa yanzu ya sauka daga wuya, yanzu ya kai rabi. Na bi wani titi ya kai ni tashar jirgin ƙasa, mutane suna ɓullowa daga ƙarƙashin ƙasa kamar tururuwa, kowa da abu a kunne, ba wanda ya kalle ni. Na bi wani ya dawo da ni inda na baro. Sai ga 'yan sanda biyu suna tahowa, mace da namiji, suna hira. Wata zuciyar ta ce je ki gaya musu. Wata ta ce me za ki ce, kin bar wuta da jaririya da mai tiyata kin fito yawo? Ai kansul ɗin ke nan. Fasfona yana gida, ga farar kanwa a aljihuna. Na tsallaka titi don in kauce musu, na duba ɓangaren da muke dubawa a gida, wani mai keke ya taho ta ɗaya ɓangaren ya kusa kwashe ni, ya wuce yana faɗa da Turanci. Na zauna a wani ɗan benci na masu jiran bas, ban san a fili nake magana ba.

"Na shiga uku, na kashe su. Wayyo Allah, na kashe su."

"Mama, lafiya? Wa kika kashe?"

Na ɗaga kai. Wata mata ce gajera mai jiki, da shuɗiyar rigar masu kula da tsofaffi a ƙarƙashin kwat, ɗan gicciye a wuyanta, tana cin gyaɗa. Na kama hannunta da hannu biyu kamar za a ƙwace min ita. Ta ce sunanta Rifkatu, 'yar Kagoro ce, yanzu ta tashi daga aikin dare. Na zayyana mata komai a birkice, tukunya da tiyata da tudu.

"To kwantar da hankali. Mene ne post code ɗin, lambar unguwar taku?"

"Ban san shi ba."

"Sunan layin fa?"

"An faɗa min, ya fita."

"Lambar wayarta?"

Na girgiza kai. Ta zuba sauran gyaɗar a aljihu ta ciro waya.

"Ba damuwa. Muna da group na matan Arewa a waya, duk mai jego a Plumstead an san ta. Ina sa sunanta yanzu wata za ta ba mu address. Me sunan 'yar taki?"

Ku da kuke dariya, a nan nake so ku tsaya. Ba taurin kai na yi ba. Na buɗe baki da niyyar in faɗa, wallahi na buɗe. Sunan ya taso tun daga ƙirjina ya zo maƙogwaro ya tsaya. Sai na ga Hajiya Babba a zaune a kan tabarmarta tana kallona ta saman tabarau. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Ta fari ce," na ce. "Kuma sunan uwar mijina ne."

Rifkatu ta dube ni, ta dubi sama.

"Kai, Mama! A London? Kakata ma haka ta yi har ta mutu ba ta kira babana da suna ba, amma ita ba ta bar tukunya a kan gas ba. To mijinta fa?"

"Suruki ne ai."

"Yesu ka taimake ni. Aikin me yake yi?"

"Asibiti."

"Rabin mutanenmu a nan asibiti suke aiki. To rubuta min."

Ta miƙo min wayar. Yatsuna sun ƙandare, ban kuma saba da irin wayarta ba. Na samu na danna harafin farko, sauran suka riƙa tsalle suna fito da abin da ban rubuta ba. Ta karɓa ta duba ta ga S, ta ja ni muka miƙe, ta ce mu riƙa hawa tudun tana canka, in ta faɗa daidai in gyaɗa kai.

"Safiya? Sadiya? Salamatu? Mama, ɗaga ƙafa. Sakina? Samira?"

"Surukata fa na ce. A zamaninsu wa ya san Samira?"

"Au, kina da bakin gyara min amma ba ki da na faɗa!"

Ta ce za ta kira 'yan kwana-kwana, na riƙe mata hannu ina roƙonta da Allah, ta ce ko ta kira ma wane gida za ta ce su je. Muka yi ta hawa. Numfashina yana fita kamar hayaƙi, a raina kuwa ruwan ya kai gindin tukunya. Muka leƙa layi na farko, ba shi ba ne. Na biyu ma haka, ko kuma shi ne, ban sani ba. Sai can na hango lemo da ayaba a gaban kanti. Na saki hannunta na sha kwana da gudu, ni da na manta rabona da gudu.

Layin ne, amma an share min alamata. Ashe ranar kwasar shara ce, mota ta zo ta wuce, mutane sun ja robobinsu ciki. Farar mota mai tsani ta tafi. Gidaje ne kawai a jere hagu da dama har inda ido ya tsaya, kowanne da ƙofarsa a rufe, kowanne da farin labule. Na ciro makulli na nufi wata ƙofa, Rifkatu ta fizgo ni ta ce in na zura shi a gidan da ba namu ba, 'yan sandan da nake gudu su za a kira min. Na tsaya a tsakiyar titi na ɗaga kai sama.

"Ke! Ke!"

"Mama, kowace mace a layin nan ke ce. Raɗa min a kunne, ni zan kira."

Na matso da bakina kusa da kunnenta. A daidai lokacin iska ta juyo, na ji shi. Duk macen da ta taɓa girki ta san ƙaurin ƙashi in ruwa ya ƙone. Yana nan a layin, amma ban san daga wace ƙofa yake fitowa ba. Ban yi shawara da kowa ba, ban tuna Hajiya Babba ba. Na ji murya ta fita daga jikina wadda ban san ina da ita ba.

"Saudatu! Saudatu! Saudatu!"

Labule ya motsa a nan, ya motsa a can. Kare ya fara haushi. Tsohuwar nan ta leƙo. Sai can baya, wajen da na riga na wuce, taga ta sama ta buɗe, ga ta da ɗankwali a karkace, fuska duk barci, tana dube-dube kamar wadda aka kira daga wata duniya. A lokacin ne kuma abin nan na silin da yake jin hayaƙi ya fara ƙara. Hannuna ya kasa zura makulli, Rifkatu ce ta buɗe. Ta shige kicin cikin hayaƙi ta kashe gas, ta buɗe ƙofar baya, ta fitar da tukunyar waje da tsumma, tana tari tana zagin ƙafar saniya. Ni na haye sama da rarrafe. Jaririya tana kuka, lafiyarta ƙalau. Na ɗauke ta na zauna a ƙasa.

Ba wanda ya zo daga kansul. Rifkatu ta sha shayi ta tafi, ranar suna ta dawo da 'yan group ɗinta, ta ba da labarin nan ta ƙara masa gishiri, daga bakinta ya iso gare ku. Abin da ba ta gani ba shi ne na bayan tafiyarta. Ina tsaye a kicin ina kankare baƙin tukunya, sai na ji motsi. Yayarku ce ta sauko a hankali, abin da aka hana ta, ta zauna a matakalar ƙarshe tana dafe da ɗinkinta. Ban juyo ba.

"Inna."

"Ke, wa ya ce ki sauko?"

"Da na ji, na ɗauka mafarki nake yi. Na ɗauka rasuwa kika yi kika zo yi min sallama. Ashe haka yake a bakinki."

Na ci gaba da kankara.

"Ina ƙarama nakan laɓe a bayan ƙofarki in kina addu'a. Ina jin kina kiran su Nasiru ɗaya bayan ɗaya. Sai in ce ƙila gobe."

Ruwan famfo yana zuba a hannuna, ban iya rufe shi ba.

"Sake faɗa, Inna. Sau ɗaya. Ba kowa a gidan."

Na so in faɗa. Na juyo har na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Amma babu hayaƙi, babu wuta, sai ni da ita, kuma sunan ya koma inda yake zama. Na ce da ita, ke, tashi ki koma ki kwanta kafin ɗinkin nan ya buɗe. Ta yi dariya hawaye yana zuba, ta ce dariya tana ja mata ciwo, ta kama ƙarfen bene ta hau.

Na yi sauran watannina na dawo gida. Na koyi hanyar kasuwa, har kogin na koma na kalla da gangan, amma ban ƙara ɗora tukunya na fita ko ƙofar gida ba, har yau, kun kuma sani. Na yi wa Hajiya Babba sadaka na nemi gafararta, ko da yake wani malami ya ce min babu zunubi a ciki, al'ada ce. Na yarda da shi, harshena ne bai yarda ba. Abu ɗaya ne ya canja. Tun daga ranar, in na idar da sallah na jero ku, da ita nake farawa, kuma ba na cewa Allah ka san wadda nake nufi. A hankali nake faɗa, yadda ko mai laɓe a bayan ƙofa sai ya kasa kunne sosai.

Ke kuma, na san Nasiru zai ɗauki hoton shafukan nan ya tura miki. Kin roƙe ni sau ɗaya a kan matakala na hana ki. Koma baya kaɗan, wajen da iska ta juyo. Sunan yana nan har sau uku da rubutun hannuna, kuma ban goge ba.